Lagireton Ermete a Kan Dutse

Ermete Gariglio maƙerin jan ƙarfe ne, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Ubansa tukwane ya yi ta bugawa har ya bar duniya, shi ma da tukwane ya fara a wata 'yar rumfa bayan babbar kasuwar Turin, kafin zamani ya juya a ɗauke shi aiki a masana'antar injin jirgin sama. A shekarar 1919 yana da shekara hamsin da uku, gajere mai faɗin kafaɗa, gashin bakinsa ya babbake ta gefe ɗaya don yawan sunkuyawa kan wutar liƙi. Duk inda ruwa ke bi a jikin inji aikinsa ne: rigar ƙarfen da ake sa wa kowace silinda don ruwa ya zagaya ya kwashe zafi, da bututai, da lagireto mai ramuka kamar saƙar zuma. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi, kuma duk wanda ya taɓa cin abincin rana kusa da shi ya sha ji. Shekara talatin da takwas yana liƙi, ba a taɓa dawo masa da kaya an ce yana yoyo ba.

Wanda ya fi kowa shan wannan labari shi ne Secondo Bosio, ƙanen matarsa Albina, mai gwajin inji. Shekara tara Secondo ya yi yana tsayuwa kusa da injunan da ba su da salansa, kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama yana ɗaure kaya. Shi ya sa yake magana kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi. Yana kiran Ermete Mai Tukwane, Ermete kuma yana kiransa Kurma, kuma tun ranar ɗaurin auren Albina ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, amma ba a ganin ɗaya a teburi ba ɗayan.

Injin da suka gama a wannan shekara mai silinda shida ne a jere, ƙarfin doki ɗari uku. Ya yi awa hamsin a rumfar gwaji ko tari bai yi ba, har maƙwabta suka kawo ƙara wai kajinsu sun daina ƙwai. Kowa ya ɗauka an gama. Sai Injiniya Delfino Cravero, wanda ya zana injin, ya tara su a tsakar gida ya ce da sauran rina a kaba. Dogo ne siriri mai tabarau, ba ya ɗaga murya ko da wuta ta kama. Ya ce jirgin da za a sa wa injin wasiƙu zai riƙa hayewa da su ta saman duwatsun Alps, can kuwa iska ba ta da kauri, inji ba ya samun isasshen numfashi. Lissafin yana nan a takarda, amma gani ya kori ji, kuma shi ba zai yi gwaji da ran matuƙi ba. Za a ɗora injin a mota a kai shi wata mashiga tsakanin duwatsu, tsayin mita dubu biyu da ɗari biyar, a tayar da shi a can. Secondo zai je tare da shi, da leburori biyu, da Ermete.

Ermete ya ce shi fa aikinsa a ƙasa yake. Mutumin da ko tsanin rumbun kaya ba ya hawa sai ya rufe ido, me zai kai shi inda gaggafa ke kwana? Ya koma gida yana ta mita, yana jiran Albina ta goyi bayansa. Ita kuwa ko ɗagowa ba ta yi daga ƙullun da take murzawa ba.

“Tafiya za ka yi,” in ji ta. “In ba ka je ba, wa zai ja rigar Secondo in ya doshi rami ana kiransa bai ji ba?”

Ta cusa masa safa uku da cuku da burodi a jaka, magana ta ƙare.

Kwana biyu suka yi a hanya cikin wata tsohuwar motar soja, Secondo na tuƙi. Injin yana baya an lulluɓe shi da tamfol kamar amarya. Da suka fara hawa, lagireton motar kanta ya soma tafasa, suna tsayawa kowane rabin awa suna ɗibar ruwan ƙorama. Duk tsayawa sai Secondo ya leƙo ya tambaya da ƙarfi ko wannan ma aikin Mai Tukwane ne, Ermete kuma ya rantse cewa da shi ya yi wannan ƙazamin liƙi da ya yanke hannunsa ya jefa wa kare. Daga ƙauye na ƙarshe mota ta ce atafau ba ta ƙara gaba. Aka nemo alfadarai takwas aka ɗaura mata. Hanyar ta zama kamar zare a jikin dutse, hannun dama bango, hannun hagu babu komai sai iska da ƙarar ruwa can ƙasa. Ermete ya sauka ya kama jelar wani alfadari da hannu biyu, kafaɗarsa na gogar bango, idonsa a kan kofato. A haka ya iso, rigarsa ta tsage a kafaɗa, amma ya iso.

Gida ɗaya ne a mashigar, masauki na dutse mai rufin faifan duwatsu, sai rumfunan makiyaya da ke kawo shanu kiwo kowane watan Agusta. Mai masaukin, Madama Onorina Peyrot, mijinta ya daɗe da rasuwa, shekarunta sun kai sittin, hannunta kamar na mai faskare. Ta zagaya motar, ta ɗaga tamfol ta dubi injin, sannan ta kafa musu doka biyu: ba a tayar da wannan abu sai an gama tatsar safe, kuma ba a tayar da shi ran Lahadi. Injiniya ya cire hula ya amince.

Fili ɗaya ne mai shimfiɗa a wurin, dab da bakin kwazazzabo. Nan suka ɗaure motar da sarƙoƙi a jikin duwatsu. Injin yana zaune a kan wani gado mai lilo, da dogon hannu na ƙarfe da ake rataya wa duwatsun awo don a san ƙarfinsa, a gaba kuma gajeriyar farfela ta katako. Ko a Agusta ruwa kan daskare kafin gari ya waye, don haka kowace yamma sai a zubar da ruwan injin, kowace safiya a dafa wani a ƙaton kaskon cuku a ɗura masa da zafinsa. Madama ta ce ko marigayi mijinta bai samu wannan gata ba.

Ranar gwajin farko makiyaya suka jeru a kan duwatsu da sandunansu. Secondo ya murɗa farfela sau uku, injin ya yi atishawa, ya kama. Ƙarar ta bugi dutsen gabas ta dawo ta bugi na yamma, shanu suka ɗaga jela suka bazama. Ƙarfin injin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, daidai yadda Injiniya ya lissafa, har ya ɗan yi murmushi. Ermete yana tsaye a ɓangaren da ke nesa da rami, idonsa a kan ma'aunin zafi. Tamanin, tamanin da biyar, casa'in. A Turin wannan ba komai ba ne. Amma allura na taɓa casa'in da ɗaya sai bakin lagireto ya fara huci, ya tofa ruwa, sannan tururi ya turnuƙe. Kafin minti ashirin rabin ruwan ya tafi sama. Injiniya ya ɗaga hannu aka kashe.

Shiru bai gama sauka ba Secondo ya sanar wa duwatsu da shanu da makiyaya cewa tukunyar Mai Tukwane ta yi yoyo. Ermete ya bi kowane liƙi da yatsa, ya nuna a bushe suke. Injiniya ya raba su da cewa babu laifin kowa. Ya san ruwa zai tafasa da wuri a wannan tsayi, ya dai zaci sanyin wurin zai rama, ashe iskar da ba ta da kauri ba ta kwasar zafi sosai. Mafita ita ce a koma Turin a ƙera lagireto babba, ya fi wannan da rabi. Zai ƙara nauyi, zai tare iska, jirgin zai rage buhu biyu na wasiƙu, amma babu yadda za a yi.

Wannan magana ta fi zagin Secondo yi wa Ermete ciwo. Wata uku ya yi a kan lagireton nan, ga shi ana maganarsa kamar takalmin da ya matse. Ya ƙi cin abinci da su, ya shige kicin ya zauna a kan buhun masara yana hura hanci.

Madama ba ta barin hannu ya zauna banza a gidanta. Ta jibge masa tukwane huɗu da buta mai karyayyen hannu ta ce tunda an ce shi mai tukwane ne, bismillah. Ya fara aiki yana gunaguni, amma kafin ya gama ta biyu ransa ya ɗan sanyaya, don tukwanen tsofaffi ne na kirki, bugun hannu. Yana cikin haka ya ga ta zuba wake a tukunya, ta mulmula ƙullu ta zagaye bakin murfi da shi, sannan ta ɗauko wani dutse kamar kan jariri ta ɗora a kai. Ya tambaye ta ko waken ne ke gudu.

“Ruwan nan sama maƙaryaci ne, Monsu Gariglio,” ta ce, wato Malam Gariglio a bakinsu. “Yana ɓararraka kamar da gaske, wake na ciki yana dariya. In ba ka danne shi ba, sai ka kwana da yunwa.”

Ermete ya daɗe yana kallon tukunyar. Tururi na neman hanya, ya ɗaga dutsen kaɗan, ya yi fito, dutsen ya koma. Ya ajiye butar ya fita da gudu, da guduma a hannunsa.

Ya tarar da Injiniya a bakin ƙofa yana zana sabon lagireto. Ya zayyana masa komai, har da ƙullu da dutse. Injiniya ya saurare shi har ƙarshe, sannan cikin ladabi ya ce tun yana makaranta ya san in an toshe tukunya ruwa ba ya saurin tafasa. Abin da ya hana shi shi ne lagireton. Ƙarfensa bai fi takarda kauri ba, ga mahaɗa fiye da dubu huɗu, kowace da ɗigon dalma. In aka toshe shi, wata a cikinsu za ta saki, matuƙi kuma yana zaune a baya.

“Na wani ne zai saki, Injiniya,” in ji Ermete. “Wannan ni na liƙa shi.”

“Dubu huɗu fa, Gariglio.”

“Dubu huɗu da ɗari biyu da goma sha shida. Na san su kamar 'ya'yana.”

Injiniya ya cire tabarau ya goge. Ya ce a gwada da iska tukuna, in kumfa ɗaya ya fito, zancen ya mutu.

Washegari suka kwance lagireton, suka toshe bakinsa, suka nutsar da shi a kwamin da shanu ke shan ruwa. Secondo ya kama famfon taya yana bugawa, yana cewa a matsa kar tukunya ta fashe a fuskar mutane. Shanu suka kewaye su suna jiran a ba su wuri. Injiniya ya durƙusa har hancinsa na taɓa ruwa. Aka kai matsin da yake so, aka ninka, aka bar shi rabin awa. Ko kumfa ɗaya. Ermete ya murɗa ɓangaren gashin bakinsa da bai ƙone ba, ya bi ta gaban Secondo sau biyu ba tare da wani dalili ba.

Sai aikin murfi. Ya samu famfon tagulla na wata tsohuwar gangar ruwan inabi, ya goge cikinsa, ya sassaƙa masa ɗan toshi, ya ciro sifirin daga sikelin kicin bayan doguwar tattaunawa da Madama. Toshin zai danne tururi har wani matsi, in ya wuce nan ya ɗaga ya saki, ya koma.

A gwaji na biyu allura ta wuce casa'in da ɗaya kamar ba ta san shi ba. Casa'in da biyar, casa'in da bakwai, ta tsaya. Murfin yana ɗan fito jefi-jefi, ruwa yana nan daram. Awa ɗaya, awa biyu. Ermete har ya fara yi wa makiyaya bayani da hannu, ko da yake ba mai jin kowa. Ana cikin awa ta uku, tiyon roba da ya haɗa lagireto da famfon ruwa ya kumbura kamar cikin kwaɗo ya ɓarke. Allah ya kiyaye ba kowa a gefen. Farfela ta kwashi ruwan zafi da tsatsa da baƙin mai ta watsa a baya, inda Madama ta shanya zannuwan gado goma sha biyu tun safe.

Ta fito ta dubi zannuwan, ta dubi mazan biyar, ta tambaya wane ne babba. Leburori suka kalli sama. Da yammar nan duk wanda ya biyo ta mashigar ya ga Injiniya Cravero, mai digiri daga babbar makaranta, ya naɗe hannun riga yana dirzar zani a bakin ƙorama, Madama na tsaye a kansa tana nuna masa inda ya tsallake. Shi kuwa fuskarsa fal fara'a, yana ta faɗa wa duk mai saurare cewa lagireton bai saki ba, roba ce kawai.

Babu wani tiyo da ya fi wancan ƙarfi a akwatinsu. Ermete ya ce shi zai yi bututun jan ƙarfe. Wani makiyayi ya ba shi tsohon kaskon cuku da ya huje a gindi, ya yanka, ya buga, ya naɗe, ya liƙe, kwana biyu yana abu ɗaya. Bututun ya fito miƙaƙƙe, yana ƙyalli, har makiyayan suka riƙa karɓa suna shafawa. Secondo ne kaɗai bai yaba ba. Ya juya shi a hannu ya ce inji yana rawa, lagireto yana tsaye, abin da ya haɗa mai rawa da na tsaye kuwa dole ya iya lanƙwasa, in ba haka ba zai karye a wuya.

“Kai da ko tsawa ba ka ji, me ka sani game da rawa?” in ji Ermete.

Wannan karon Secondo bai rama ba. Ya ajiye bututun a hankali ya tafi duba filogi. Ermete ya ji maganar ta yi masa ɗaci a baki, amma girman kai ya hana shi bin sa.

Gwaji na ƙarshe awa goma ne ba tsayawa. In aka kashe injin ko na minti ɗaya, sai a sake daga farko, ga shi masu alfadarai sun aiko cewa jibi za su zo, don gajimaren da ke taruwa a yamma na dusar ƙanƙara ne, in ta sauka mota sai baɗi. Aka tayar da ƙarfe bakwai, ana gama tatsa. Rana ta hau, leburori na ɗura fetur, Injiniya na rubuta awo kowane rubu'in awa, Madama ta aiko da polenta, tuwon masararsu, da cuku aka ci a tsaye. Allura tana casa'in da bakwai kamar an kafe ta da ƙusa.

Secondo yana da wata al'ada tun da kunne ya fara cin amanarsa. Yakan ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji, ya danna ƙotar a ƙashin muƙamuƙinsa, ya lumshe ido. A awa ta bakwai Ermete ya ga ya daɗe a wuri ɗaya, ta ɓangaren rami. Sai ya zagayo, bai yi ihu ba, bai kalli Injiniya ba, ya ja hannun rigar Ermete ya kai shi ƙarshen mota ya nuna masa da yatsa. A wuyan sabon bututun, dab da liƙi, ɗigon ruwa ya tsaya yana rawa. Iska ta ɗauke shi, wani ya fito.

Ermete ya dubi ɗigon, ya dubi Secondo. Ba wanda ya gani sai su biyu, kuma ya fahimci Secondo ba zai faɗa ba. Wataƙila bututun ya kai awa ukun da suka rage, wataƙila bai kai ba. Ya tsaya kamar minti ɗaya yana kallon ɗigon. Sannan ya je ya karɓi fensir daga hannun Injiniya, ya rubuta a gefen takardar awo da manyan baƙaƙe: BUTUTUNA YA TSAGE. Injiniya ya karanta, ya rubuta a ƙasa: A kashe? Ermete ya girgiza kai, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna waya da filaya.

Wurin tsagar ba a kai masa sai ta gefen rami, inda tsakanin tayar mota da bakin kwazazzabo bai fi faɗin tabarma ba, ga iskar farfela tana tura mutum. Secondo ya ɗauko igiyar alfadarai ya ɗaura wa Ermete a ƙirji, ya naɗa ɗaya bakin a ƙugunsa, ya zauna a ƙasa ya tokare dutse da ƙafa biyu, leburori suka riƙe shi ta baya. Ermete ya nemi fatar da zai naɗe tsagar da ita ya rasa, sai ya zare bel ɗinsa. Ya yi alamar gicciye ya shiga da rarrafe.

Bai kalli hagu ba ko sau ɗaya. Ya miƙe a hankali, ya rungumi gefen mota, ya naɗa bel ɗin a wuyan bututu zagaye uku, zafi na cin yatsunsa, ya bi da waya ya murɗe da filaya har fatar ta nutse. Ɗigon ya ragu, ya koma gumi. Ya ƙara waya ta biyu don kar a ce. A nan ne wandonsa, da ya ga ba mai riƙe da shi, ya sulale zuwa idon sawu. Hannu ɗaya na riƙe da mota, ɗaya da filaya, ba na uku. Haka ya juyo ya rarrafo cikin dogon wandon ciki na jan ulu da Albina ta saƙa masa, a gaban makiyaya bakwai da Madama Onorina da ta fito karɓar kwanoni. Ƙarar inji ta haɗiye dariyar, sai dai ka ga manyan maza suna faɗowa daga kan duwatsu suna riƙe da ciki. Secondo na jan igiya hawaye na zuba masa.

Bel ɗin ya riƙe. Da ƙarfe biyar daidai Injiniya ya dubi agogo, ya ɗaga hannu, Secondo ya rufe mai. Ruwan da ya ɓata a awa goma bai cika kwalba biyu ba. Injiniya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu, har leburori, har Madama, wadda ta ce a maido mata sifirinta.

A teburin yamma Ermete ya zauna da igiya a ƙugu maimakon bel, yatsunsa uku a naɗe da tsumma da man shanu. Ya jira a fara, ba wanda ya ta da maganar bututu. Maganar wandon ciki dai an yi ta har ta ishe shi, Secondo ma ya ce zai roƙi Albina ta saƙa wa jirgin tuta da ragowar zaren. Da aka lafa, Ermete ya matsa kusa da kunnen dama na surukinsa.

“Ka faɗa mini, ban ji ba,” ya ce. “Ashe ni ne kurman.”

Secondo ya kaɗa cokali. “Ba liƙinka ne ya saki ba, na duba. Ƙarfen ne ya gaji a gefensa.”

“Yoyo dai sunansa yoyo. Yaya za a yi da shi?”

Secondo ya tsoma yatsa a miya ya zana a kan teburi: bututu ya taho, ya yi naɗi ɗaya kamar gammo, ya wuce. Ya ce in inji ya yi rawa, naɗin ne zai sha. Ermete ya duba, ya ce naɗin ya cika faɗi, Secondo ya ce bai cika ba, suka kama musu, Injiniya ya ciro littafinsa ya kwafi zanen kafin Madama ta iso da tsumma.

Suka sauko ana fara yayyafin ƙanƙara. A Turin Ermete ya yi bututu mai naɗi da murfi na gaske, aka sake awa hamsin a rumfa, ba abin da ya motsa. Injin bai zama gagara-badau a duniya ba, guda arba'in da 'yan kai aka ƙera kafin wasu su fito da wanda ya fi shi, amma duk matuƙin da ya yi aiki da shi bai taɓa sauka don ruwa ba.

A watan Mayu na shekarar da ta biyo jirgin ya yi hayin farko, ya je ya dawo a yini ɗaya. Washegari da hantsi Ermete yana bakin makerarsa sai ga wani mutum cikin rigar fata ya shigo yana ɗingishi, yana tambaya wane ne Gariglio. Matuƙin ne. Ermete ya ajiye guduma, ya tambaya ko wani abu ya ɗiga.

Matuƙin ya ce ko ɗigo. Injin ya sha ɗuminsa tun daga tashi har sauka, kamar kyanwa a gindin murhu. Shi ne dai ya kusa barin yatsun ƙafarsa a saman Alps, har yanzu biyu ba su dawo hayyacinsu ba. Ya ce ga tafasasshen ruwa yana zagayawa taku ɗaya a gabansa, shi yana daskarewa a baya, wannan wane irin rabo ne? Ko za a ɗan karkato masa da bututu ɗaya ta ƙarƙashin ƙafa?

Ermete ya sosa ƙeya, ya dubi rufi na ɗan lokaci. Ya ce sai Injiniya ya yarda, kuma sai Kurma ya duba inda zai yi rawa. Sannan ya jawo kujera da ƙafa, ya shimfiɗa takarda a ƙasa, ya zaro fensir daga bayan kunne.

“Zauna, ranka ya daɗe,” ya ce. “Ɗora takalmin a nan in ga girmansa.”